Da ruwan ciki ake jan na rijiya: abin da ya kamata ɗalibi ya ci kafin BEPC da BAC

Da zarar watan Mayu ya kama, dare a unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sai ya zama na ƴan makaranta. Ƙarƙashin fitilun titi, a ƙofar gidaje da harabar makarantu, za a tarar da ƴan ajin ƙarshe na kolej da na lise sun jingina tablo da bango, ɗaya na riƙe da alli, sauran na zaune bisa tabarma da littattafai a cinya. A gefe kuma akwai abin da ba ya ɓacewa: ɗan murhun gawayi, butar shayi da ƙullin sukari. Sai ƙarfe biyu ko uku na dare za a watse. Da safe a tashi a makare, a wanke fuska, a kama hanyar makaranta ba a sa komai a ciki ba. Kafin ƙarfe goma kai ya fara sara, ido na lumshewa, malam na bayani amma babu abin da ke shiga.

Wannan ɗalibi ba malalaci ba ne. Ƙila ma ya fi kowa ƙoƙari a gidansu. Matsalarsa ita ce yana neman aiki daga ƙwaƙwalwar da bai ciyar ba, bai shayar ba, bai kuma bari ta huta ba. Daga nan ne ake fara cigiyar "maganin karatu". Wani a kai shi wajen mai ƙulle-ƙulle a kasuwa, wani ya sayi ƙwaya daga tiren mai yawo da magani, wani kuma ya buɗe TikTok ya ga jerin abincin da aka ce suna ƙara basira: kifin salmon, ƴaƴan itacen Turai, baƙar cakulan. Ɗan makaranta a Tibiri ko Mirriya ya kalli jerin, ya kalli aljihunsa, ya yanke shawarar cewa abincin karatu na ƴaƴan masu kuɗi ne.

Gaskiyar ita ce babu wani abinci, na gida ko na waje, da zai zuba lissafi ko falsafa a kan wanda bai karanta ba. Abin da abinci ke iya yi shi ne ya kawar da abubuwan da ke tare hanyar karatu, wato yunwa, ƙarancin jini, ƙishirwa da rashin barci. Kuma kusan duk abin da ake buƙata don wannan yaƙi yana nan a kasuwar unguwa, a tiya ake auna shi. Kuɗin da ake kashewa a shayi, sukari da lemun gwangwani cikin wata guda na bitar karatu, da za a karkatar da rabinsa zuwa hatsi, wake, gujiya, ƙwai da nono, da an ga bambanci a aji.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiya

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Babban makamashinta shi ne sukarin da ke yawo cikin jini, kuma ba ta da rumbun da za ta tara shi da yawa. Ke nan tana buƙatar a riƙa kawo mata shi a hankali, ba tare da yankewa ba.

A nan ne ake yin kuskure. Wani zai ce tunda sukari take so, sai a ba ta lemun kwalba da alewa. Sukarin da aka narkar a ruwa yana shiga jini da sauri, ya hau, ya sauko, ba da jimawa ba yunwa ta dawo. Abincin da ke da ɓawo da dusa, da mai, da sinadarin gina jiki, irin su hatsi, dawa, wake da gujiya, shi ne ke narkewa sannu a hankali, ya riƙe mutum tun safe har azahar. Shi ya sa manomin da ya sha hura da nono ke iya wuni a gona, amma ɗalibin da ya karya da farin burodi da ruwan shayi mai zaƙi yake hamma kafin a fita shan iska.

Don haka darasi na farko bai da wuya: kada a tafi makaranta da ciki wayam. Koko da ƙosai karin kumallo ne da ya haɗa hatsi da wake a wuri guda. Ɗumamen tuwo da miyar kuka, hura da nono, ɗanwake, shinkafa da wake, dafaffen ƙwai da burodi, kowane ɗaya daga cikinsu ya fi kofin shayi. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, haka ma gujiya, ƙwai guda kuma na ɗauke da kusan giram 6. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Abin kunya ne a ce a irin wannan ƙasa ɗan makaranta yana ganin cin wake ƙauyanci ne, taliyar leda kuma wayewa.

Ƙarancin jini, ɓarawon da ba a gani

Akwai ɗalibar da ke cin abinci sau uku a rana amma kullum a gajiye take. Tana hawa keke ta yi haki, tana karanta shafi sau uku ba ta riƙe ba, a gida a ce mata raguwa, a makaranta a ce ba ta da kai. Sau da yawa abin da ke damunta ƙarancin jini ne. Jini ne ke ɗaukar iska zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ba ya ƙeruwa sai da sinadarin ƙarfe. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, natsuwa da riƙe karatu na cikin abubuwan da ke raunana.

Matsalar ba ƙarama ba ce a Nijar. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2012 ya gano cewa kashi 46 cikin 100 na mata masu shekaru 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, a yara ƴan ƙasa da shekaru 5 kuwa abin ya kai kashi 73. Ƴan mata ne suka fi shiga haɗari, saboda jinin al'ada da suke zubarwa kowane wata a daidai lokacin da jikinsu ke girma. Sai kuma ga shi a gidaje da yawa yarinyar ce ke dafa abincin, ita ce ke rabawa, ita ce ta ƙarshe wajen ci, bayan tsokar nama ta tafi kwanon maigida da na samari. Duk wanda ke mamakin yadda ƴan mata ke raguwa a aji daga kolej zuwa lise, ya dace ya leƙa kwanon abincinsu ma, bayan sauran dalilan da kowa ya sani.

Cewa ƙarfe na shafar karatu ba zato ba ne. A jihar Maharashtra ta Indiya an yi gwaji na watanni shida da ƴan makaranta masu shekaru 12 zuwa 16, inda aka ciyar da wasu da gero mai yawan ƙarfe, wasu da gero na yau da kullum. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa waɗanda suka ci mai yawan ƙarfen sun fi samun ci gaba a gwajin natsuwa da na tuna abu. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da irin gero mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai babbar tasha a Sadore kusa da Yamai, ta samar don yawan ƙarfen da ke cikinsa. Hatsin da kowane gida ke dakawa ma yana da nasa rabon ƙarfen, fiye da farar shinkafa nesa ba kusa ba, muddin ba a surfe shi har an zubar da amfaninsa ba.

Ƙarfen da jiki ya fi saurin ɗauka shi ne na nama, hanta da kifi. Tsinken hanta guda a mako ba almubazzaranci ba ne ga yarinya mai shirin jarrabawa. Ga wanda bai da halin nama akwai wake, zogale, rama, ganyen kuka, riɗi da soyayyar fara, wadda ƴan Nijar ba sa buƙatar a koya musu cinta. Ƙarfen tsirrai yana da wuyar shiga jini, amma akwai dabaru biyu da ke taimaka masa. Na farko a haɗa shi da abu mai bitamin C: a matsa lemun tsami a kwaɗon zogale, a yanka tumatir ɗanye a kan wake, a sha mangwaro ko gwaiba bayan abinci. Na biyu a jiƙa hatsi ko a bar ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, domin tsamin yana rage sinadarin da ke ɗaure ƙarfen. Gishirin girki kuma ya kasance mai iyod, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo, yake kuma dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Abinci kaɗai ba ya warware kowane ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki na cikin manyan masu jawo shi. Ɗalibin da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana yawan jiri, a kai shi CSI mafi kusa a auna jininsa tun kafin jarrabawa ta matso. Kada a saya masa ƙwayar ƙarin jini a tire, musamman in yana da amosanin jini, domin masu wannan lalura ƙarfen na iya yi musu yawa.

Maganar shayi

Babu mai raba ɗan Nijar da shayi, kuma babu buƙatar a yi hakan. Fada wuri ne na zumunci, da yawan ƙungiyoyin bitar karatu ma daga fada suka samo asali. Amma a watannin jarrabawa butar shayi tana cin ɗalibi ta fuska uku, kuma ya kamata a faɗa ba tare da kara ba.

Na farko, ganyen shayi na ɗauke da sinadarin da ke kama ƙarfen abinci a hanji ya hana shi shiga jini. Wanda ya gama cin wake ya bi shi da shayi mai kauri nan take, ya zubar da wani kaso na amfanin da ya ci. Maganin wannan mai sauƙi ne: a bar aƙalla awa guda tsakanin abinci da shayi.

Na biyu shi ne kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikin shayi, kofi, goro da lemun ƙara kuzari. Bayan kimanin awa biyar da shansa, rabinsa na nan yana yawo a jini. Wanda ya sha na fari, na biyu da na uku da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko ya kwanta barcinsa ba zai yi nauyi ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta nuna a 2015 cewa ga yara da matasa, abin da ba shi da damuwa shi ne miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ɗalibi mai kilo 50 ke nan miligiram 150 ne iyakarsa, alhali ƙaramin gwangwanin lemun ƙara kuzari guda na ɗauke da kusan 80. Gwangwani biyu sun riga sun haura, tun ba a lissafa shayi da Nescafé ba.

Na uku sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, kimanin giram 50 ga babban mutum, wato ƙananan cokula 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwanin lemu guda na ɗauke da kusan giram 35. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake zuba sukari a buta ya san cewa zama ɗaya a fada na iya cike sauran.

Asarar da ta fi girma ita ce ta barci. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka karanta da rana ta adana shi. Likitocin barci na ba matasa shawarar awa 8 zuwa 10. Ɗalibin da ya kwana yana haddar darasi kamar mai ɗiban ruwa ne a tulu mai huji, yana zubawa yana tsiyaya. Awa huɗu na karatu da cikakken barci sun fi awa takwas da jajayen idanu. Ƙwayar tramol kuwa, da wasu ke raɗa wa abokansu cewa tana hana gajiya, ba ta da wuri a wannan zance: tana kama mutum, tana iya jawo farfaɗiya, ta kuma raba matasa da yawa da makaranta gaba ɗaya.

Sai ruwa. Bitar karatu na faɗowa ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yawancin biranen ƙasar, wuta kuma na yawan ɗaukewa. Ƙishirwa kaɗan ta isa ta kawo ciwon kai da rashin natsuwa. Ɗalibi ya riƙa yawo da gorar ruwansa, ya sha tun kafin maƙogwaro ya bushe. In fitsari ya yi duhu, jiki ne ke neman ruwa. Zoɓo, tsamiya da lamurje na gida, da sukari kaɗan, sun fi lemun kanti.

Kayan ƙwalama na gida

Mai karatu yana son abin taɓawa, kuma hana shi zaƙi gaba ɗaya wa'azi ne da ba zai ji ba. Abin da ya fi shi ne a sauya masa irin zaƙin. Biskit da alewar kanti galibi farin gari ne, sukari da mai. Kayan ƙwalama na gargajiya kuwa suna zuwa da gujiya, riɗi, aya, nono ko hatsi a jikinsu, wanda ya haɗa su da hannunsa kuma shi ke da iko da yawan sukarin. Da tsohuwar zuma ake magani, ga kaɗan daga ciki da ɗalibi ko ɗaliba za su iya yi ranar Lahadi.

Kantun riɗi shi ya fi sauƙi. A wanke riɗi kofi biyu, a tsane shi ya bushe, a soya shi a busasshen kasko da ƙaramar wuta har ya fara ƙamshi yana tsalle. A wata tukunya a narka sukari kofi guda har ya zama ruwan ƙasa, a juye riɗin a ciki, a juya da sauri, a zuba a tiren da aka shafa wa mai, a baje da bayan ludayi. A yanka shi tun da ɗumi, don in ya huce sai dai a fasa. Haka ake yi da soyayyar gujiya. A gwangwani mai murfi yana kwanaki bai lalace ba, ba ya buƙatar firigo. Yanka biyu sun isa a zama ɗaya.

Dakuwa ta fi riƙe ciki. A soya aya a kasko ba mai, a daka ko a kai niƙa, a tankaɗe. A soya gujiya, a murje ɓawon, a daka ta har ta fara fitar da mai. A haɗa garin aya kashi biyu da gujiya kashi ɗaya, a sa ɗan gishiri, citta da barkono kaɗan ga mai so, a ci gaba da kirɓawa har ta kama jikinta, sannan a mulmula. A maimakon sukari ana iya kirɓa ta da dabinon da aka cire wa ƙwallo. Aya dai ƴar gida ce, jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta, daga nan ake lodinta har zuwa Sifen, inda ake yin wani sanannen abin sha da ita. Abin da Turawa ke biya da tsada, ɗan Cadawa ko Agye na iya samunsa a ƙofar gida.

Kunun aya na biye. A jiƙa aya kofi biyu ta kwana, a wanke ta sosai, a haɗa da dabino kamar goma da ƴar citta, da kwakwa in akwai, a markaɗa, a tace da kyalle mai tsabta. Zaƙin dabinon ya isa. Sai dai kunun aya ba ya jure zafi, cikin ƴan awoyi yake tsami in babu sanyi. A yi daidai wanda za a shanye a ranar.

Degge kuwa abinci ne da ƙwalama a kwano ɗaya. A yayyafa wa garin hatsi ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu har ya zama ƙananan ƙwayoyi, a turara shi a madambaci har ya nuna, a sa ɗan man shanu a warware shi, a bari ya huce, sannan a zuba kindirmo ko yawur. Kofi guda da la'asar yana kai ɗalibi har bayan isha'i. Turararren garin ana iya shanya shi ya bushe a ajiye, duk lokacin da ake so a jiƙa da ruwan zafi.

Garin ƴaƴan kuka na cikin abubuwan da suka fi yawan bitamin C a kasuwannin ƙasar nan. A jiƙa shi a ruwa mai tsabta na rabin awa, a dama, a tace ƙwallaye da zaren, a zuba madara ko nono da ɗan sukari ko zuma. Kada a dafa shi, domin zafi na kashe bitamin ɗin. Wanda ke da firigo ya ƙulla a leda ya daskare, ga galas ɗin gida. Shan sa bayan cin wake ko dambun zogale riba biyu ce, ga daɗi ga taimakon ƙarfe.

Mutanen arewa suna da tukuɗi, guzurin matafiya: garin hatsi, dabino da cuku a daka su wuri guda har su haɗe, a dunƙula, in za a sha a dama da ruwa ko nono. Abin da ya riƙe ayarin raƙuma a hanyar Bilma zai riƙe ɗalibin jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko ta Abdou Moumouni da ke zaune a ɗaki ba murhu. A lokacin mangwaro kuma, wanda ya zo daidai da watannin bita, a yanka nunanne guda a kwano, a zuba kindirmo, a barbaɗa dakakkiyar gujiya. Minti biyar ya isa.

Akwai kashedi uku. Gujiyar da ta yi funfuna, ta canza launi ko take ɗaci a zubar da ita, domin tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ɗanyar madarar shanu a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita. Sannan ƙwalama ƙwalama ce: dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, alkakin Damagaram da nakiya kuwa na biki ne. Ana taɓa su ne tsakanin abinci, ba sa maye gurbin tuwo.

Ga wanda bai da halin ko ɗaya

Za a ce wannan duk zancen masu shi ne, akwai gidajen da tukunya sau ɗaya take hawa wuta a rana, jarrabawa kuma na zuwa ne a bakin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashin tiya ya hau. Wannan gaskiya ce, kuma babu shawarar girki da za ta share ta. Ɗalibin da ya baro ƙauye yana zaune gidan wani a birni don ya yi kolej, shi ya fi kowa sanin yunwar ƙarfe goma na safe. Nan ne nauyi ke komawa kan hukuma. A Yamai aka yi bikin farko na ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka, a ranar 1 ga Maris 2016. Ƙasar da ta karɓi wannan biki ya dace ta kai ciyarwar har kolej da lise, ko da a watanni biyun ƙarshe ne kafin jarrabawa, da hatsi da waken da manoman yankin suka noma. Ƙungiyoyin uwayen ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke iya tara kuɗin bikin ƙarshen shekara, za su iya ɗaukar nauyin tukunyar koko a ƙofar makaranta.

Amma tsakanin mai komai da marar komai akwai jama'a masu yawa, waɗanda matsalarsu ta zaɓi ce. Kuɗin gwangwanin lemun ƙara kuzari guda na sayen ƙwai biyu ko fiye. Kuɗin ganyen shayi, sukari da gawayi na mako guda na sayen gujiya da riɗin da ƙungiyar bita za ta yi kantu ta raba. Ƴan ƙungiyar da ke karo-karon shayi za su iya mayar da rabin kuɗin ga degge, su sha shayinsu da la'asar, su rufe tablo da ƙarfe goma sha ɗaya.

Ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara, Faransa ko Amurka su ma suna da rawar takawa. Da yawansu su ne ke biyan kuɗin makarantar ƙannensu, su sayi waya, su biya malamin da ke koyarwa a gida. In an tashi aiko kuɗin wannan wata, a ware jika biyu ko uku a ce na karin kumallon mai jarrabawa ne, a damƙa wa inna ko yaya, a kuma tambaya a waya: me ta ci yau kafin ta fita? An auna jininta? Ƙarfe nawa yake kwanciya? Waɗannan tambayoyi sun fi "ka dage da karatu" amfani, don yaron ya riga ya dage.

Ranar jarrabawa kanta ba ranar gwaji ba ce. Kada a ci abin da ciki bai saba da shi ba, kada a cika tumbi da maiƙo, kada kuma a fita ba a karya ba saboda fargaba. Koko da ƙosai ko hura da nono, gorar ruwa, dabino uku da ɗan kantu a aljihu sun wadatar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin da ya yi ƙasa yana ɗaukar makonni kafin ya farfaɗo, barcin da aka rikita ma sai an yi kwanaki ana lallashinsa. Gidan da ke da mai zana BEPC ko BAC bana, daga safiyar gobe ya kamata a fara, da kwanon da za a ajiye masa kafin ya ɗauki jaka.